Medgar Evers: Sojan da ya yaƙi Hitila, aka hana shi kaɗa ƙuri'a a mahaifarsa

An haifi Medgar Wiley Evers a ranar 2 ga Yuli, 1925, a garin Decatur da ke jihar Mississippi a kudancin Amurka, yankin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta, a asibiti, har ma a wurin shan ruwa. A shekarar 1943, tun bai kammala sakandare ba, ya shiga rundunar sojan Amurka, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke tsananta.

Dalilan da suka sa Amurkawa shiga soja a wancan zamani suna da yawa. Wasu dokar tilas ta 1940 ce ta kira su, wasu kuma harin da Japan ta kai Pearl Harbor a watan Disamba 1941 ne ya harzuƙa su. Akwai waɗanda talauci ya kora zuwa ga albashi mai tabbas, yayin da mata kusan 350,000 suka sa kaki domin aikin jinya, sadarwa, tuƙi da ofis. Baƙar fata sama da miliyan ɗaya da suka yi aikin soja suna da ƙarin buri: su biya kuɗin zama 'yan ƙasa da guminsu da jininsu. A 1942 jaridar Pittsburgh Courier ta yi shelar neman nasara biyu, ɗaya kan 'yan kama-karya a ƙetare, ɗaya kuma kan wariyar launin fata a gida.

Evers ya yi aiki a Ingila da Faransa cikin rundunar baƙar fata zalla mai jigilar kayan yaƙi, ƙarƙashin hafsoshi farare. Daga baya aka sallame shi daga aikin soja. A 1946 shi da yayansa Charles da wasu abokansu suka nufi kotun Decatur domin kaɗa ƙuri'a, sai suka tarar da fararen fata ɗauke da makamai sun tare ƙofa. Haka suka koma gida hannu rabbana. Wannan rana ce ta sauya alƙiblar rayuwarsa.

Ya yi karatu a kwalejin Alcorn, ya auri Myrlie Beasley a 1951, ya kammala digiri a 1952. A 1954 Jami'ar Mississippi ta ƙi ɗaukarsa karatun shari'a, kuma a wannan shekarar ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta naɗa shi wakilinta na farko a jihar. Ya riƙa zagaya ƙauyuka yana ƙarfafa wa mutane gwiwar yin rajistar zaɓe, ya binciki kisan yaron nan Emmett Till a 1955, ya kuma tallafa wa James Meredith har ya shiga waccan jami'a a 1962.

Da tsakar daren 12 ga Yuni, 1963, 'yan sa'o'i bayan Shugaba Kennedy ya yi wa ƙasa jawabi kan daidaiton haƙƙi, aka harbe Evers ta baya a ƙofar gidansa a birnin Jackson, matarsa da 'ya'yansa uku suna ciki. Yana da shekara 37. An binne shi da cikakkiyar girmamawar soja a maƙabartar Arlington.

Sau biyu aka gurfanar da Byron De La Beckwith a 1964, amma masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, suka kasa cim ma matsaya. Myrlie ba ta daina matsa lamba ba, har aka same shi da laifi a watan Fabrairu 1994, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Dokar kare 'yancin kaɗa ƙuri'a, wadda Evers ya sadaukar da ransa dominta, ta fara aiki a 1965, shekara biyu bayan an kashe shi.