FADA WILLIE DOYLE, LIMAMIN SOJOJIN AILAN (1873–1917)

Ƙasar Ailan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Daga can yawancin Fadoji da Sistocin da suka kawo bishara Arewa suka fito, Bishop ɗinmu na fari kuma a Dayosis na Kano, marigayi Patrick Sheehan, mutumin can ne. A wannan wata za mu ba da tarihin wani Fada ɗan Ailan wanda ya so zuwa Afirka bai samu ba, sai Allah ya kai shi wani fage dabam.

An haifi William Doyle a garin Dalkey, kusa da Dublin, ran 3 ga Maris 1873, shi ne auta cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsa, Hugh Doyle, ma'aikacin babbar kotu ne. Ya shiga ƙungiyar Jesuit a 1891. Yana cikin shekarun horo gobara ta tashi a gidan da suke, firgita ta taɓa masa lafiya, har aka mai da shi gida ya yi jinya, aka yi ta shakkar ko zai iya ci gaba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin jarumin da jaridu suka yi ta yabo daga baya, mutum ne da tsoro ya taɓa kayarwa. An naɗa shi firist ran 28 ga Yuli 1907. Ya yi ta yawon wa'azi daga wannan Ikilisiya zuwa waccan, ya rubuta ƙananan littattafai kan kiran Allah. Ya miƙa kansa a aika da shi Kongo, ba a aika ba, sai ya koma tara wa masu aikin bishara a Afirka gudummawa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, lokacin Ailan tana ƙarƙashin Ingila kamar yadda ƙasarmu take. A Nuwamba 1915 aka naɗa Fada Doyle limamin sojoji a Runduna ta 16, wadda yawancin mutanenta Katolika ne 'yan Ailan, suka ƙetare zuwa Faransa.

Yaƙin nan na ramuka ne. Kowane ɓangare ya haƙa dogayen ramuka kamar gwalalon ganuwa, ya kewaye gabansa da waya mai ƙaya, ya zauna ciki wata da watanni, igwa tana ruwan wuta dare da rana. Ƙa'ida ba ta tilasta wa limami ya shiga ramin gaba ba. Fada Doyle kuwa can ya tare, yana kwana inda sojoji suke kwana, tare da ɓeraye da ƙwarƙwata. A ƙarshen Afrilu 1916 Jamusawa suka saki iskar guba a kan rundunar a Hulluch, ya bi ramuka yana shafe masu mutuwa da mai, yana yi musu gafarar zunubi. A Satumba aka kai su fagen Somme, suka ci ƙauyukan Guillemont da Ginchy, amma cikin kwana goma mutum fiye da 4,000 suka mutu ko suka yi rauni ko suka ɓace. A nan ne ya fafe gefen rami, ya ɗora akwatin biskit a kan wuƙaƙen bindiga biyu na Jamusawa, ya yi Misa domin matattu, gawawwaki kewaye da shi. Ba ya tambayar mai rauni ko Katolika ne kafin ya durƙusa kusa da shi, Bajamushe ma in ya tarar yakan yi masa addu'a. Saboda aikinsa a Ginchy aka ba shi lambar yabo ta Military Cross.

Mutanen gida fa, me suka sani game da wannan duka? Abin da jarida ta gaya musu kawai. Hukumar soja ta Ingila ta yarda wa 'yan jarida ƙalilan ne su zauna a hedkwata, suna sanye da kayan soja, kowane rahoto kuma sai ya bi ta hannun hafsoshi masu tace labari. Suna da izinin yabon jarumtaka, ba su da izinin faɗin yawan gawa ko kuskuren janar. Uwa a Dublin takan karanta labarin nasara a shafin farko, ta juya ta tarar da jerin sunayen matattu, ita za ta haɗa lissafin da kanta. Shi kuwa Fada Doyle yana rubuta wa tsohon mahaifinsa dogayen wasiƙu, yana haɗawa da barkwanci don kada hankalin dattijon ya tashi, amma bai ɓoye wari da laka da nishin masu rauni ba, bai kuma ɓoye cewa shi kansa yakan ji tsoro har jikinsa ya yi ɓari ba.

A Yuni 1917, a Messines ta ƙasar Beljiyam, Runduna ta 16 ta yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Runduna ta 36, ta 'yan Furotesta daga arewacin Ailan, mutanen da a gida ba sa ga maciji da Katolika. Suka yi nasara. Daga nan aka tura su duka biyu gabas da birnin Ypres. Ruwan sama ya sauka a Agustan nan babu ƙaƙƙautawa, igwa kuma ta riga ta farfasa magudanun ruwa. Wanda ya taɓa ratsa fadama a Birnin Kudu ko Gwaram a tsakiyar damina ya san yadda taɓo yake riƙe ƙafa. A can kuwa mutum da alfadari sukan nutse ɗungum. An bar 'yan Ailan a wannan wuri wajen mako biyu suna shan wuta, sa'an nan da asubar 16 ga Agusta, kashegarin Idin Ɗaukar Maryamu zuwa Sama, aka ce su tashi su hau tudun Frezenberg, inda Jamusawa suke cikin ɗakunan kankare da bindigogi masu aman wuta. Harin ya watse. A ranar ne harsashin igwa ya sami Fada Doyle yana ƙoƙarin taimakon masu rauni a fili. Shekararsa 44.

Jaridu suka ɗauki labarinsa. Philip Gibbs da Percival Phillips, manyan wakilan yaƙi, sun rubuta yadda aka gan shi yana rarrafe daga mai rauni zuwa mai rauni, da yadda 'yan Furotesta suka yi makokinsa kamar nasu. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai a ganinmu labarin limami jarumi ya zo wa masu tace labari daidai, gama ya fi daɗin bugawa a kan labarin runduna biyu da aka jefa cikin halaka. Sai a 1920 Gibbs ya fitar da littafi ya bayyana cewa an gajiyar da sojojin nan tun kafin hari, shirin hafsoshin sama kuma bai yi kyau ba. An gabatar da sunan Fada Doyle don lambar Victoria Cross, ba a ba shi ba; waɗansu suna ganin kasancewarsa ɗan Ailan kuma Jesuit ne ya hana.

Akwai kuma abin da ko wakilin jarida mafi gaskiya ba zai iya gani ba. A ɗakinsa na Dublin aka sami littattafan da yake rubuta asirin zuciyarsa, da wasiyyar a ƙone su. Shugabanninsa ba su ƙone ba, Farfesa Alfred O'Rahilly ya yi amfani da su ya rubuta tarihinsa a 1920. Ciki aka ga yakan kwana gaban Sakramenti Mai Tsarki, yakan shiga tafki mai sanyi da dare don neman gafara wa masu zunubi, musamman firistoci. Irin wannan horon jiki ya sa waɗansu ƙyama, kuma ba abin da Kirista zai kwaikwaya ba ne ba tare da shawarar Fadansa ba. Amma a cikin littattafan nan har da yaƙin da ya daɗe yana yi da man shanu: ya ƙudura zai ci burodi gaya, yau ya iya, gobe ya kāsa, ya rubuta, ya sake ɗaura niyya. Ko an bi wasiyyarsa da kyau wajen buga su, wannan abin tambaya ne har yanzu.

A Nuwamba 2022 Bishop Tom Deenihan na Dayosis na Meath ya buɗe binciken neman a sa shi cikin tsarkaka, saboda haka ake kiransa Bawan Allah. Kabarinsa ya ɓace cikin lakar Frezenberg. Sunansa yana rubuce a bangon tunawa na Tyne Cot, cikin sunaye kusan 35,000 na waɗanda ba a san makwancinsu ba.