Tarihin Likita Alois Alzheimer

An haifi Alois Alzheimer a garin Marktbreit na ƙasar Jamus ran 14 ga Yuni, 1864. Da ya ƙare koyon aikin likita, sai ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt cikin 1888. A nan ne, cikin 1901, aka kawo masa wata mace mai shekara 51 wadda mantuwa ta ci ƙarfinta, ga ruɗewa, ga rashin barci. Bayan rasuwarta cikin 1906, ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya tarar wani datti ya dunƙule a ciki. Ya bayyana wa taron likitoci a Tübingen, ba wanda ya ko yi masa tambaya. Amma cikin 1910 maigidansa Kraepelin ya raɗa wa cutar sunan Alzheimer. Ya rasu a Breslau cikin 1915.

Sai cikin 2013 masana a Amurka suka gwada ɓeraye, suka ga ruwan ƙwaƙwalwa ya fi wanke irin wannan datti lokacin barci. To, malamai da akawuna masu raba dare kan aiki, sai a kula.