Walter Gowans, Wanda Ya Kwanta a Girku

A cikin makonnin nan da muke jiran Kirsimati, ya kamata mu tuna da Walter Gowans, saurayi daga Toronto ta ƙasar Kanada. Ran 4 ga Disamba 1893 ya sauka Ikko tare da Rowland Bingham da Thomas Kent, da nufin kai Bishara ƙasar Hausa. Waɗanda suka riga su zuwa suka gargaɗe su cewa ba za su ga ƙasar da idanunsu ba.

Zazzaɓi ya tsare Bingham a Ikko. Gowans kuwa ya nufi arewa, ya faɗa hannun mayaƙa masu kamun bayi, suka kwashe kayansa. Bayan an sake shi, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a Girku ran 17 ga Nuwamba 1894, bai yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Kent kuma ya bi shi a Bida cikin Disamba.

Abin da ya fi taɓa zuciyarmu shi ne halin uwarsa, Margaret. Da labari ya iske ta, ta karɓe shi da salama, gama a gare ta gwamma ɗanta ya mutu cikin biyayya ga Ubangiji da ya zauna gida lafiya. Ta ci gaba da addu'a. Mishan ɗin da suka fara, wato SIM, ya buɗe tasha a Kwoi cikin 1910, daga baya kuma a Kagoro kusa da Kafanchan, sannan aka kafa ECWA cikin 1954.