Marc-Vivien Foé: Ɗan wasan tsakiyar Kamaru da ya rasu bai kammala makarantar da ya fara gina wa yara ba

Duk shekara, idan kakar wasannin Faransa ta zo ƙarshe, gidan rediyon RFI da tashar talabijin ta France 24 kan karrama ɗan wasan Afirka da ya fi yin fice a gasar Ligue 1. Kyautar na ɗauke da sunan Marc-Vivien Foé, kuma daga cikin waɗanda suka taɓa lashe ta akwai 'yan Najeriya Vincent Enyeama a 2014 da Victor Osimhen a 2020. Sai dai akasarin yaran da ke buga ƙwallo yau a filayen unguwar Zongo ta birnin Wagadugu, ko a Maraɗi da Kano, ba a haife su ba lokacin da mai wannan suna ya bar duniya a 2003, yana da shekara 28. Tarihinsa na da amfani ga duk matashin da ke fatan zama ɗan wasan tsakiya, da iyayensa, da masu horar da shi.

Daga Garwa zuwa gasar cin kofin duniya

An haifi Foé a ranar 1 ga watan Mayun 1975 a Yawunde, babban birnin Kamaru. Yana matashi ya taka leda a ƙungiyar Union ta Garwa, birnin nan na arewacin ƙasar da ke bakin kogin Binuwai, inda ake jin Fulatanci da Hausa a kasuwa da kan titi. Daga nan ya koma Yawunde, ya shiga Canon, ɗaya daga cikin tsofaffin manyan ƙungiyoyin ƙasar, wadda ya lashe kofin Kamaru da ita a 1993. A shekarar ce kuma aka fara saka shi a babbar tawagar ƙasar, wato Indomitable Lions.

Dogo ne ƙaƙƙarfa, tsawonsa ya haura mita 1.85. Aikinsa a fili shi ne tsayawa a gaban 'yan baya, ya ƙwace ƙwallo daga abokan hamayya, ya tare wadda ta zo ta sama, sannan ya miƙa ta ga wanda zai kai hari. Aiki ne da 'yan kallo ba su cika yi wa tafi ba, amma masu horarwa sun san darajarsa, domin idan tsakiya ta ɓalle, gaba da baya duk sun shiga uku.

Yana da shekara 19 koci Henri Michel ya tafi da shi gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, inda ya buga dukkan wasanni ukun da Kamaru ta yi. Gasar ba ta yi wa ƙasar daɗi ba. Ta yi canjaras 2-2 da Sweden, Brazil ta doke ta da ci 3-0, Rasha kuma ta lallasa ta da ci 6-1. Duk da haka, masu farautar 'yan wasa daga Turai sun lura da matashin da ke tsakiyar fili.

Lens, karaya, da damar da ta kuɓuce

Ƙungiyar Auxerre, wadda a lokacin ta yi suna wajen rainon matasa, ta nemi ɗaukarsa a matsayin ɗan koyo. Foé bai karɓa ba, ya zaɓi Lens da ke yankin ma'adinan kwal na arewacin Faransa. Ya iya yin wannan zaɓi ne saboda ya isa Turai da kofin ƙasa a hannu da gogewar gasar duniya, yana da abin nunawa. Ya shafe fiye da shekaru huɗu a Lens, kuma yana cikin 'yan wasan da suka ci wa ƙungiyar kofin gasar Faransa a 1998, karo na farko a tarihinta.

A wannan shekarar Manchester United ta Ingila ta nuna sha'awar sayensa. Ana cikin ciniki, ya karye a ƙafa a sansanin atisayen Kamaru na shirin gasar cin kofin duniya ta 1998. Maganar United ta mutu, gasar da aka yi a Faransa ma ta wuce shi. Bayan ya warke, West Ham ta birnin Landan ta saye shi a watan Janairun 1999 kan fam miliyan 4.2, kuɗi mafi yawa da ƙungiyar ta taɓa kashewa kan ɗan wasa a wancan lokaci. Bai daɗe a can ba. A 2000 ya koma Faransa, wannan karon ƙungiyar Lyon.

Farkon zamansa a Lyon ya yi fama da zazzaɓin cizon sauro, wanda ya hana shi wasa na wani lokaci. Da ya murmure, ya lashe kofin Coupe de la Ligue a 2001, sai kuma gasar Faransa a 2002. Ita ma Lyon wannan ne kofinta na farko, kuma ta same shi ne a ranar ƙarshe ta gasar, bayan doke tsohuwar ƙungiyarsa Lens da ci 3-1. Ke nan ƙungiyoyi biyu daban-daban sun fara ɗanɗana sarautar ƙwallon Faransa ne da Foé a cikinsu.

Kofunan Afirka biyu a jere

Masoya ƙwallo a Najeriya ba su manta da gasar cin kofin Afirka ta 2000 ba, wadda ƙasarsu ta shirya tare da Ghana. Foé ne ya ci wa Kamaru ƙwallo a wasan buɗe gasar da Ghana a birnin Accra, wanda aka tashi 1-1, ya sake ci a karawarsu da Aljeriya a zagayen daf da na kusa da ƙarshe. A ranar 13 ga Fabrairu, Kamaru ta haɗu da Najeriya a wasan ƙarshe a Legas. An tashi 2-2, aka je bugun fenariti, Kamaru ta yi nasara da ci 4-3 a gaban dubban 'yan Najeriya.

Bayan shekara biyu suka maimaita a Mali, ƙarƙashin koci Bajamushe Winfried Schäfer. A gasar ta 2002 ba a zura wa Kamaru ƙwallo ko ɗaya ba a cikin wasa, tun daga farko har ƙarshe, abin da ke nuna irin katangar da 'yan tsakiya da 'yan bayanta suka gina. Foé ya ci ɗaya daga cikin ƙwallaye ukun da suka fitar da mai masaukin baƙi a wasan kusa da na ƙarshe, kafin su doke Senegal a bugun fenariti a Bamako. Jimilla ya buga wa ƙasarsa wasanni fiye da 60.

A kakar 2002 zuwa 2003 Lyon ta ba da shi aro ga Manchester City, wadda Kevin Keegan ke horarwa. A can aka sake masa mara ya riƙa matsawa gaba, ya ci ƙwallaye 9 a gasar Firimiya. Shi ne ɗan wasan City na ƙarshe da ya zura ƙwallo a tsohon filinsu na Maine Road, a wasan da suka doke Sunderland da ci 3-0 a watan Afrilun 2003.

Minti na 72 a filin Gerland

A watan Yunin 2003 Faransa ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin zakarun nahiyoyi. Kamaru ta doke Brazil da Turkiyya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe da Kolombiya a ranar 26 ga wata, a filin Gerland na birnin Lyon, filin da Foé ya sani kamar tafin hannunsa. Daga baya mai ɗakinsa ta bayyana cewa ya yi fama da ciwon ciki kwanaki kaɗan kafin wasan. Shi ma koci Schäfer ya bayyana cewa ya so ya canja shi, amma ɗan wasan ya yi masa alamar zai ci gaba.

A minti na 72 ya yanke jiki ya faɗi a da'irar tsakiyar fili, babu wanda ya taɓa shi. An fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, likitoci suka yi ta ƙoƙarin farfaɗo da zuciyarsa na kusan minti 45, amma rai ya yi halinsa. Kamaru ta ci wasan 1-0, 'yan wasan suka samu labarin a ɗakin canja kaya. Binciken gawa ya nuna yana da cutar kaurin tsokar zuciya, wadda sau da yawa gadonta ake yi. Mai ita kan yi shekaru yana gudu da tsalle ba tare da wata alama ba, sai ranar da bugun zuciyar ya rikice a tsakiyar aiki mai nauyi.

Kwana uku bayan haka aka buga wasan ƙarshe a filin Stade de France. Faransa ta yi nasara da ƙwallon Thierry Henry, amma kyaftin ɗin ƙasashen biyu, Marcel Desailly da Rigobert Song, tare suka ɗaga kofin. Kamaru ta yi masa jana'izar ƙasa a Yawunde. Ya bar mata da 'ya'ya uku. Manchester City ta daina amfani da lamba 23 da yake sakawa, Lens da Lyon kuma suka ajiye lamba 17. Sai a 2008 Lyon ta sake ba da lambar ga wani ɗan tsakiyar Kamaru, Jean II Makoun.

Makarantar da ba a ƙarasa ba

Kafin rasuwarsa, Foé ya fara gina wata cibiyar wasanni a gefen birnin Yawunde da kuɗin aljihunsa, domin yaran ƙasar su samu wurin koyon ƙwallo da sauran wasanni. A harabar wannan cibiya aka binne shi. 'Yan jaridar da suka ziyarci wurin shekara goma bayan rasuwarsa sun tarar da gine-ginen da ba a kammala ba, ciyawa ta mamaye su. Aikin ya dogara ne kan albashin mutum ɗaya, da albashin ya yanke sai aikin ya tsaya.

Tunaninsa bai sha bamban da abin da wasu suka yi nasara a kai ba. Makarantar ƙungiyar ASEC Mimosas ta Abidjan, wadda Bafaranshe Jean-Marc Guillou ya taimaka aka kafa a farkon shekarun 1990, ta fitar da 'yan tsakiya irin su Yaya Touré da Didier Zokora, kuma ta ɗore saboda tana jingine da ƙungiya mai buga gasa, mai sayar da 'yan wasa ta mayar da kuɗin cikin aikin. A Wagadugu, cibiyar Planète Champion ta raini Jonathan Pitroipa da Wilfried Sanou kafin su tafi Jamus. Burkina Faso ta zo ta uku a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2001, sannan Charles Kaboré, ɗan tsakiyar da ya fara daga ƙungiyoyin gida, ya lashe gasar Faransa da Marseille a 2010.

Dokokin hukumar FIFA a yanzu sun hana kai yaro ƙasar waje don wasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan yanayi na musamman. Sun kuma tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma wannan kaso na zuwa ne ga makarantar da ke da rajista da hukumar ƙwallon ƙasarta, wadda kuma ta rubuta sunan yaron a kan lokaci. Dillalin da ya karɓi kuɗin iyaye da alƙawarin gwaji a Turai ba ya cikin wannan tsari.

Zuciya kafin ƙafa

Rasuwar Foé ta sa hukumomin ƙwallo sun sake duba batun lafiyar zuciya. Kafin gasar cin kofin duniya ta 2006, FIFA ta shigo da tsarin gwajin lafiya ga 'yan wasan da za su shiga gasar, wanda ya haɗa da auna bugun zuciya da ɗaukar hotonta. Ba shi ne na farko ba, domin Samuel Okwaraji na Najeriya ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas a 1989, a karawa da Angola. Bayansa ma an rasa Patrick Ekeng, wani ɗan tsakiyar Kamaru da ya fito daga Canon, a birnin Bucharest na Romaniya a 2016, da Cheick Tioté na Côte d'Ivoire a wurin atisaye a China a 2017. A gefe guda, Fabrice Muamba a Landan a 2012 da Christian Eriksen a Copenhagen a 2021 sun faɗi a fili kamar yadda Foé ya faɗi, amma sun rayu, saboda an fara danna musu ƙirji nan take, kuma na'urar farfaɗo da zuciya tana kusa.

Wannan ne ya sa uban da zai miƙa ɗansa ga makarantar ƙwallo, a Zongo ta Wagadugu ko a Yamai ko Zariya, ya kamata ya tambayi wasu abubuwa kafin ya biya kuɗi: ko makarantar na da rajista, ko ana kai yara asibiti a auna zuciyarsu kafin su fara, ko akwai wanda ya iya taimakon gaggawa a bakin fili, ko kuma ana barin yaro ya ci gaba da karatunsa. Haka kuma yaron da ke suma, ko yake jin ciwon ƙirji ko jiri idan yana gudu, ko wanda wani a danginsa ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi, bai kamata ya koma fili ba sai likita ya duba shi. Mai zazzaɓi ko gudawa ma hutu ya kamace shi, ko da wasan ƙarshe ne za a buga. Foé ya samu horo a manyan ƙungiyoyin Faransa da Ingila, amma cutar da ke jikinsa ba ta bayyana ba sai bayan rasuwarsa. Yaran da ke atisaye a filayen ƙasa na unguwanninmu, da yawansu ko sau ɗaya ba a taɓa auna bugun zuciyarsu ba.