Alessandro Volta, Wanda Ya Ƙago Batir

Duk wanda ya taɓa haska tocila da dare a ƙauyukan Ajingi, ko ya kunna rediyo a kasuwar Gaya, ya ci moriyar wani Bature da ba kowa ya san shi ba. Sunansa Alessandro Volta.

An haife shi a garin Komo na ƙasar Italiya ran 18 ga Fabrairu, 1745. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. A 1774 ya zama malamin kimiyya a makarantar garinsu, a 1779 kuma ya koma Jami'ar Pavia, inda ya yi kusan shekara 40.

Gardama ce ta fito da sunansa. A 1791 wani likita ɗan ƙasarsu, Luigi Galvani, ya ba da labarin cewa in an taɓa ƙafar mataccen kwaɗo da ƙarfe sai ta motsa. A ganinsa lantarki ne da ke cikin jikin kwaɗon. Da Volta ya sake gwadawa, sai ya lura ƙafar ta fi zabura in ƙarafan iri biyu ne dabam-dabam. Don haka ya tsaya a kan cewa daga ƙarafan lantarkin yake. Masana suka rabu biyu, aka yi shekaru ana ja-in-ja.

Volta bai tsaya cacar baki ba, sai ya fid da kwaɗo daga gwajin gaba ɗaya. Ya yanko faya-fayen tutiya da na jan ƙarfe, ya jera su bisa juna, yana sa kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakani. Da ya haɗa sama da ƙasa da waya, sai lantarki ya yi ta gudu ba yankewa. Batir na farko ke nan.

Ga yadda abin yake. Ruwan gishirin yana cin tutiya sannu a hankali, ita kuwa tana sakin waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Su ne ke bin waya zuwa jan ƙarfe, gudunsu kuwa shi ne lantarki. Haka batirin tocila yake, sai dai gawayi ne a tsakiyarsa. In sinadaran ciki suka ƙare, sai mu ce batir ya mutu.

Ran 20 ga Maris, 1800, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan bayanin aikinsa. A 1801 ya nuna shi a gaban Napoliyon a Faris. Ya bar aiki a 1819, ya rasu ran 5 ga Maris, 1827, yana da shekara 82. A 1881 aka sa wa ma'aunin ƙarfin lantarki sunansa, watau volt. Shi ne harafin V da ke jikin batir: na tocila 1.5, na mota 12. Galvani ma bai yi hasara ba, domin daga baya an tabbatar jijiyoyin jiki da lantarki suke aiki.

'Yan'uwana ɗalibai, tarihin baka ya nuna maƙera ne daga Gaya suka je Dutsen Dala neman tama. Ashe sarrafa ƙarfe gadonmu ne. Abin da ya rage mu koya daga Volta shi ne, in gardamar ilmi ta taso, kada a raba ta da ɗaga murya, a je a gwada a gani. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.