Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Abubakar Imam (1911-1981)

An haifi Alhaji Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911, a gidan malanta da alƙalanci. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya kammala a 1932, sannan ya fara koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Yana cikin wannan aiki ne Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya shiga da Ganɗoki. A cikin littafin, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, domin ya wanke liman daga wulakancin da aka yi masa a fada. A ganinmu ruwan nan alama ce ta abin da ba ya samuwa sai da naci da juriya, ko da yake abin da yawancinmu muka fi tunawa shi ne ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman.

Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, ya fara fitowa a 1937, kuma a nan ne gwanintarsa ta cika. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuwa yana ƙulla makircin hallaka yaron. Wanda ya tsare shi ba dogari ba ne, aku ne, tsuntsun da ba shi da makami sai harshe. Duk sa'ad da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya jawo labari ya riƙe shi har lokaci ya wuce. Daga baya aka ba akun wazirci. Jigon a fili yake ga duk mai zama kusa da shugaba: da baki waziri ya nemi rushe gidan sarauta, da baki kuma aku ya cece shi.

Wasu manazarta suna nuna cewa da yawa daga labaran an ɗauko su ne daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya. Haka ne. Sai dai Imam ya sa musu rigar gida, da fada da kasuwa da kotun alƙali da karin magana, har manomi ba ya jin baƙunci a cikinsu in an karanta masa.

A Janairun 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya riƙe ta fiye da shekara goma. Ziyararsa zuwa Ingila a 1943, tare da 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ita ta haifar da Tafiya Mabuɗin Ilmi. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981.