Rosalind Franklin, Matar da Aikinta Ya Tona Siffar DNA

An haifi Rosalind Franklin a Landan a shekarar 1920. Ta karanta ilmin sinadarai a Jami'ar Kambirij, sa'an nan ta ƙware a Faris wajen binciken ƙananan abubuwa da hasken eksire.

A 1951 ta koma Landan ta soma binciken DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon kamanni daga iyaye zuwa 'ya'ya. A 1952 ita da ɗalibinta Raymond Gosling suka ɗauki hoton da ya nuna DNA a murɗe take kamar igiya. Aka nuna wa James Watson hoton ba da saninta ba. A 1953 shi da Francis Crick suka bayyana cewa igiyar sili biyu ce. In silin suka rabu, kowanne yakan gina sabon ɗan'uwansa, da haka DNA ke kwafar kanta.

Ciwon daji ya yi ajalinta a 1958, tana da shekara 37. A 1962 Watson, Crick da Maurice Wilkins suka karɓi kyautar Nobel, wadda ba a ba mamaci.

'Yan makaranta, musamman 'yan mata, ku riƙe wannan: aikin ƙwarai ba ya ɓuya, ko da yabo ya makara.